Lygus: jinsin ƙwarin tsirrai da aka tace daga kusan nau'i 200 zuwa 40 da 'yan kai

Wanda ya ɗauko tsofaffin rahotannin binciken auduga guda uku, ɗaya daga Yuganda, ɗaya daga arewacin ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Amurka, zai tarar dukansu suna kuka da wani ɗan ƙwaro mai suna Lygus. Na Yuganda ya kira shi Lygus vosseleri, na Sin ya ce Lygus lucorum, na Amurka kuma ya rubuta Lygus pratensis. Duk mai karatu zai ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma maganin da ya yi wa wannan zai yi wa wancan. To a yau babu ko ɗaya cikin sunayen nan uku da ya tsaya yadda aka rubuta shi. Na Yuganda an mayar da shi jinsin Taylorilygus. Na Sin ya koma Apolygus. Na Amurka yana nan cikin Lygus, amma daga baya aka gane cewa shi lineolaris ne, ainihin pratensis kuwa a Turai da Asiya yake zaune. Ƙwarin suna nan yadda Allah ya halicce su. Iyakar da masana suka shata wa sunan ce ta yi ta motsi, kuma labarin motsin nan shi ne kusan dukkan labarin wannan jinsi.

Kafin a shiga rikicin, gara a san inda Lygus yake a jerin halittu. Yana cikin babban rukunin ƙwari da ake kira Hemiptera, wato masu baki kamar tsinke, waɗanda ba sa tauna, sai dai su soka su tsotsa. A cikin rukunin akwai reshen Heteroptera, inda ake samun kuɗin cizo da ƙwarin nan masu wari idan an taɓa su. Alamar 'yan wannan reshe tana fiffiken gaba: gindinsa mai tauri ne kamar fata, ƙarshensa kuma tantani ne marar kauri. Daga nan sai dangin Miridae, wanda shi ne mafi yawa a duk reshen, da nau'i fiye da 11,000 da aka riga aka ba suna, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Heteroptera gaba ɗaya. An saba raba dangin gida takwas, kuma Lygus yana gidan Mirinae, a zuriyar Mirini. Ƙarƙashin wannan ne jinsi yake, ƙarƙashin jinsi kuma nau'i. Shi ya sa sunan kowane ƙwaro ke zuwa da kalma biyu: ta farko jinsi, ta biyu nau'i.

Idan aka sa babban Lygus a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsawonsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, jikinsa mai ɗan faɗi, shigen ƙwai. Abin da ido zai fara kamawa shi ne wata 'yar alwatika a tsakiyar baya, tsakanin gindin fukafukai, mai zanen ruwan ɗorawa da kan yi kama da harafin V. A can ƙarshen ɓangaren fiffike mai tauri akwai wani yanki, shi ma mai kusurwa uku, da wata 'yar tsaga ta raba shi da saura. Masana na kiransa kuniyus, kuma daga wurinsa ne fiffiken ke karyewa ya sunkuya ƙasa, har ƙwaron ya zama kamar an danne masa gindi. A kan tantanin akwai jijiyoyi da suka zagaye suka yi ɗaki biyu rufaffu, babba da ƙarami. A saman kai babu ƙananan idanun nan da ƙwari da yawa ke da su bayan manyan idanu biyu. Waɗannan alamomi na dangin Miridae ne. Abin da ke nuna gidan Mirinae kuwa sai an duba tsakanin faratan ƙafa: akwai wasu 'yan leɓatu biyu da suka buɗe suka juya wa juna baya a ƙarshe. A gidan Orthotylinae leɓatun suna karkatowa ne su fuskanci juna, a Phylinae kuma yawanci siraran gashi ne kawai. Abin da ba ya kai tsinin allura girma, a kansa aka gina rabon dubban nau'o'i.

Wani Bajamushe mai suna Carl Wilhelm Hahn ne ya kafa jinsin Lygus a 1833. Kafin shi, a 1758, Linnaeus ya riga ya ba pratensis suna, amma ya sa shi ne cikin Cimex, jinsin da a yau aka bar wa kuɗin cizo da 'yan uwansa na kusa, domin a zamanin Linnaeus kusan duk ƙwaro mai irin wannan baki da fiffike Cimex ne. Hahn ya yi daidai da ya ware su, sai dai siffar da ya bayar ta yi faɗi da yawa. Ƙwaro ƙarami, mai jiki shigen ƙwai, kore ko ruwan ƙasa, mai ɗan ƙwala a wuya: ai ɗaruruwa ne suka dace da wannan kwatance. A cikin shekaru ɗari da suka biyo baya, duk lokacin da aka kawo akwatin samfura daga Afirka ko Indiya ko tsibiran tekun Fasifik, masanin da ya buɗe ya ga ɗan ƙwaro kore da bai san gidansa ba, sai ya rubuta Lygus ya ƙara masa sabon suna a gaba. Da haka jinsin ya kumbura har aka lissafa kusan nau'i 200 a cikinsa. Ba ganganci ba ne. Mutanen nan suna aiki ne da busassun ƙwari a kan allura, da madubai marasa ƙarfi, kuma sau da yawa samfuri ɗaya tak suke da shi daga wata nahiya guda.

Abin da ya fara warware ƙullin shi ne duba al'aurar namiji. A wajen waɗannan ƙwari, launi da girma suna yaudara, amma gaɓoɓin barbara suna da tsari tsayayye a kowane jinsi. Ana yanke ƙarshen cikin namiji, a jiƙa shi cikin ruwan sinadari mai narkar da tsoka, a zaro wasu ƙugiyoyi biyu, na hagu da na dama, da wata jaka mai ƙaya a ciki. Da aka fara yin haka a kai a kai a ƙarni na 20, sai ga shi ƙwarin da suka yi kama da juna a waje sun sha bamban a ciki. Harry Knight a Amurka, Eduard Wagner a Jamus, Dennis Leston a Ingila da Leonard Kelton a Kanada, kowa ya yanki nasa ɓangaren. Aikin Kelton na 1955 a kan jinsunan da ke cikin wannan tari shi ne ya nuna ƙarara cewa gidaje da yawa ne aka cusa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Nan kuma wata matsala ta daban ta taso, wadda ba ta ilimin halitta ba ce, ta doka ce. Idan aka raba jinsi gida biyar, wane gida ne zai gaji tsohon sunan? Dokar sanya wa dabbobi suna ta tanadi amsa. Kowane jinsi yana da nau'i ɗaya da aka ɗaure sunan a jikinsa, kamar yadda ake kafa turke a ɗaure dabba: igiya na iya tsawo ko ta gajarta, amma turken ba ya tashi. Duk gidan da wannan nau'i ya faɗa, shi ke tafiya da sunan. Hahn bai ayyana turken Lygus ba, domin a lokacinsa ba a wajabta ba. Wanda aka ayyana daga baya shi ne pabulinus, wani ƙwaro kore shar na Turai. Da aka zo rabo, sai aka ga pabulinus ba gida ɗaya yake da pratensis da lineolaris da sauran masu ɓarna a gona ba. Ma'ana, in za a bi doka sau da ƙafa, sunan Lygus zai bi ƙwaron kore, su kuma ƙwarin da manoma da malaman gona suka shafe shekaru suna kira Lygus za su rasa sunansu.

An kuwa gwada bin dokar, aka ga abin da ya biyo baya. A Turai aka koma kiran su Exolygus, sunan da Wagner ya ƙirƙira a 1949. A Kanada Kelton ya zuba su cikin Liocoris. Ƙwaro ɗaya ya zama yana da suna uku, gwargwadon ƙasar da aka buga takardar. A 1961 masana uku, José Carvalho na Burazil da Knight da Robert Usinger, suka kai ƙara gaban hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi, suka roƙi ta yi amfani da ikonta na musamman ta tumɓuke tsohon turken. A 1963 hukumar ta amince, ta ayyana pratensis na Linnaeus a matsayin nau'in da sunan Lygus ke ɗaure da shi. Pabulinus ya tafi Lygocoris. A ganina wannan hukunci ne na hankali, ko da yake masu tsananin bin ƙa'ida na iya cewa an karya doka don a faranta wa masu feshi. An yi suna ne don mutane su fahimci juna, kuma dubban takardun aikin gona sun fi ƙarfin a yi watsi da su saboda zaɓin da mutum ɗaya ya yi a kan tebur.

Tabon wannan rikici yana nan har yau ga mai lura. Idan aka rubuta cikakken sunan nau'i, ana bin sa da sunan wanda ya fara siffanta shi da shekara. In sunan mutumin yana cikin baka biyu, alama ce cewa a wani jinsi ya fara sa shi. Shi ya sa ake rubuta Lygus hesperus Knight, 1917 haka a buɗe, amma Lygus borealis (Kelton, 1955) a cikin baka, domin Kelton ya raɗa masa suna ne a lokacin da yake kiran su duka Liocoris.

Waɗanda aka fitar ba ƙananan gidaje ba ne. Orthops sun fi son tsirrai dangin karas. Agnocoris suna kan itatuwan bakin ruwa na ƙasashe masu sanyi. Neolygus yawancinsu na bishiyoyi ne. Apolygus sun yi ƙarfi a gabashin Asiya. Taylorilygus, wanda Leston ya sanya wa suna a 1952, cibiyarsa Afirka ce, ko da yake ɗaya daga cikinsu, apicalis, ya zagaye kusan dukkan ƙasashe masu ɗumi na duniya. Bayan an gama tankaɗe da rairaya, abin da ya rage a matsayin Lygus na haƙiƙa nau'i 40 ne da 'yan kai, kuma dukansu na arewacin duniya ne: Amurka ta Arewa har zuwa Meziko, Turai, arewacin Afirka da yankunan Asiya masu sanyi. Don haka duk tsohuwar takardar da ta ce an ga Lygus a kudu da Sahara, kusan tabbas wani jinsi take nufi. Akwai kuma tarin nau'o'in ƙasashe masu zafi da har yanzu kundayen suna ke ɗauke da su a ƙarƙashin Lygus, don kawai ba a samu wanda ya zauna ya duba samfuransu ya nema musu gida ba. Masana kan sa sunan jinsin nasu cikin alamar zance, su nuna cewa zaman haya suke yi.

Abin da ya ƙara tabbatar da cewa rabon nan ba son rai ba ne shi ne yadda rayuwar ƙwarin ta bi shi. Lygus na haƙiƙa suna ƙetare hunturu ne a matsayin manya, a ɓoye cikin busasshen ganye da ciyayin gefen gona, da zarar gari ya yi ɗumi su fito su hau ciyawa. Lygocoris pabulinus da Apolygus lucorum kuwa ƙwai suke bari a cikin jikin tsiro, manyan su mutu, sai bazara ƙwan ya ƙyanƙyashe. Mai son ya tare su tun kafin su yi yawa dole ya san wanne yake fuskanta, domin inda zai neme su a lokacin sanyi daban ne.

A cikin nau'o'in da suka rage, kaɗan ne suka yi suna, kuma ɓarna ce ta ja musu. Lygus lineolaris shi ne gogan. Wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, ya siffanta shi a 1818, mutumin da ya yi yawon tattara halittu a gaɓar Afirka ta Yamma da Haiti da Amurka. An samu wannan ƙwaro yana ci a kan tsirrai fiye da iri 300, kuma ya mamaye Amurka ta Arewa daga Kanada zuwa Meziko, ya fi ƙarfi a gabas da kudu. Shi ma ya sha canjin suna: an daɗe ana kiransa pratensis, aka koma oblineatus, kafin a farkon shekarun 1950 a tsayar da lineolaris. A yammacin Amurka kuwa, a gonakin ban ruwa na Kalifoniya da Arizona, hesperus ke riƙe da gari, yana cin auduga da sitiroberi da alfalfa, ciyawar nan ta dabbobi. Kusa da shi akwai elisus, wanda ya fi shi haske. A gonakin kanola (shukar da ake matse mai daga irinta) na yammacin Kanada ana samun cakuɗar lineolaris da elisus da borealis da keltoni, kuma wanda ya rinjaya yakan bambanta daga yanki zuwa yanki.

A Turai rugulipennis ne ya fi damun manoma. Bertil Poppius ɗan Finlan ya ba shi suna a 1911, kuma an lissafa masa tsirrai fiye da 400 da yake ci. Shi da punctatus suna cikin 'yan kaɗan da ake samu a ɓangarorin tekun Atilantika biyu. Pratensis, turken jinsin, ya shimfiɗa daga Turai har zuwa yankin Sinjiyan na ƙasar Sin, inda yake cikin manyan masu ɓata auduga. Gemellatus ya fi son ciyayi masu ƙamshi na jinsin Artemisia, maritimus kuma yana bin gaɓar teku a yammacin Turai. Sauran da yawansu ba ruwansu da gona. Suna can kan duwatsun yammacin Amurka ta Arewa, kowanne da 'yan tsirran da ya saba da su, ba wanda ya san da zamansu sai masu raga da kwalba.

Yadda suke ɓarna iri ɗaya ne. Ƙwaron yana neman wuri mai taushi da ke kan girma, toho ko fure ko ɗanyen iri, ya soka tsinken bakinsa ya yayyaga ƙwayoyin tsiron, ya zuba yawu mai sinadarin da ke narkar da abin da ya manne su da juna, sannan ya zuƙe ruwan. Abin da ya sha kaɗan ne, yawun ne ke kisa. A jikin auduga ƙaramin tohon fure yakan bushe ya faɗi, manomi ya ga tsiro kore shar amma babu kaya. A jikin sitiroberi, wurin da aka soka ya daina girma, gefensa ya ci gaba, sai 'ya'yan su fito a murɗe da tarin ƙwayoyin iri a ƙarshe. A alfalfa da kanola irin ne ke motsewa. Macen tana cusa ƙwanta cikin kara ko jijiyar ganye, ba a ganin komai sai ɗan murfinsa. 'Ya'yan kore ne marasa fiffike, suna saɓa sau biyar kafin su girma, kuma sabon shiga yakan ɗauke su ƙwarin darɓa. Bambancin a bayyane yake ga wanda ya taɓa gani: ɗan Lygus yana sheƙawa da gudu in an girgiza ganye, kuma in ya ɗan tasa yana da ɗigo baƙi biyar a baya. Ba ganye kaɗai suke ci ba, in sun samu ƙwan wani ƙwaro ko ƙaramar tsutsa sukan tsotse.

Raba jinsi da jinsi ya zo da sauƙi in aka kwatanta da raba nau'i da nau'i a cikin Lygus kansa. A nan ne aikin ya fi ɗaci. Al'aurar namiji da ta yi rana wajen fitar da baƙi, a cikin gida ba ta da wani bambanci mai yawa, kusan duk tsarinsu ɗaya. Launi kuwa ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. Ƙwaron da ya girma a tsakiyar zafi kan fito kore mai haske, ɗan uwansa na jini da ya girma dab da hunturu ya fito ja ko ruwan ƙasa mai duhu, kuma launin na ci gaba da sauyawa yayin da yake tsufa. Namiji ya fi mace duhu. Masanan farko sun sha ba wa irin waɗannan launuka sunaye daban, suna zaton sabon nau'i suka samu. Abubuwan da ake dogaro da su yanzu ƙanana ne ƙwarai: yawan 'yan ramukan da ke kan fiffike da tazarar da ke tsakaninsu, kaurin gashin da ya rufe su, ko tsinken baki ya wuce gindin ƙafafun baya ko bai kai ba, da yadda baƙin zane ya shiga alwatikar baya. Rugulipennis, alal misali, gashin fiffikensa ya yi yawa har ya dusashe masa ƙyalli, pratensis kuma yana sheƙi. A rubuce abin kamar mai sauƙi. A gaban madubi, da samfuri hamsin da kowanne ya ɗan karkata, sai ƙwararre.

Shi ya sa adadin nau'o'in bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Kelton, a babban aikinsa na 1975, ya amince da nau'i 34 a Amurka ta Arewa. A 1998 Michael Schwartz da Robert Foottit suka sake bin dubban samfura, suka sauko da adadin zuwa 29. Sun haɗe wasu sunaye da suka gano abu ɗaya ne, sun fitar da wasu zuwa sababbin jinsuna irin su Henrylygus, sun kuma ciro keltoni daga cikin abin da aka daɗe ana kira shulli. Wannan na ƙarshe ya shafi gona kai tsaye, domin tsofaffin bayanan shulli daga gonakin Kanada da yawansu a kan keltoni suke magana.

Da aka zo da hanyar tantance halittu ta ɗan guntun DNA, wadda Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, an sa rai za ta kashe gardamar. Hanyar tana karanta harufa 658 na wani sashen gado da ake kira COI, kuma a yawancin ƙwari tana raba nau'i da nau'i cikin sauƙi. A Lygus ta yi tuntuɓe. Nau'o'i da dama suna da guntun da ya yi kusan zama ɗaya, har ba a iya ware pratensis daga wagneri da shi, kuma an ga irin haka a tsakanin wasu na Amurka ta Arewa. Ana ba da dalili biyu, kuma ba sa kore juna. Mai yiwuwa nau'o'in ba su daɗe da rabuwa ba, gadonsu bai samu lokacin yin nisa da juna ba. Mai yiwuwa kuma suna barbarar juna jefi-jefi, gadon da ke bin uwa yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Akwai ma masu ganin cewa wasu sunayen biyu a ƙarshe za su zama ɗaya.

To su ƙwarin yaya suke gane junansu, tunda mu mun kasa? Amsar tana cikin ƙamshi. Macen Lygus tana fitar da haɗin sinadarai uku don kiran namiji, kuma sinadaran guda ukun nan su ne dai a nau'o'in da aka bincika, a Turai da Amurka. Gwargwadon haɗin ne ya bambanta. Sinadarin da ya rinjaya a wajen hesperus shi ne ya zama kaɗan a wajen lineolaris. Tarkon da aka ɗana da haɗin wani nau'i ba lallai ya kama maƙwabcinsa ba. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa aƙalla wasu daga iyakokin da masana suka shata da ƙidayar gashi da ramuka, iyakoki ne na gaske da ƙwarin kansu ke kiyayewa.

Mai tambaya zai ce, duk wannan wahala a kan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa tsawo ba, me ta haifar? Tarihin auduga tun daga ƙarshen shekarun 1970 ya ba da amsa. A Amurka an fara shirin kawar da Anthonomus grandis, ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda ƙwallon auduga, a 1978, sannan a 1996 aka fara shuka audugar Bt mai kashe tsutsa da kanta. Feshi ya ragu sosai. Amma feshin da ake yi wa waɗancan ne yake danne Lygus ba tare da an nufe shi ba, kuma gubar Bt ta wancan lokaci ba ta taɓa masu tsotsa. Sai lineolaris ya tashi daga ƙaramar damuwa ya zama babban abokin gabar auduga a kwarin Misisifi, ya kuma riƙa jure magungunan da aka fi amfani da su ɗaya bayan ɗaya. A arewacin Sin, inda aka amince da audugar Bt a 1997, abu mai kama da wannan ya faru, kamar yadda wani bincike na shekaru goma da aka wallafa a 2010 ya nuna. Sai dai a can masu laifin su ne Apolygus lucorum da wasu nau'o'in Adelphocoris. Cuta iri ɗaya, ƙwari daban, kuma wanda ya kwafi tsarin Misisifi ya kai can don ya ga kalmar Lygus a tsohuwar takarda zai yi ta neman manyan ƙwari a cikin busasshen ganye alhali abin yana kwance a matsayin ƙwai cikin reshe.

Haka nan wajen yaƙar su da maƙiyansu na halitta. Akwai wasu ƙananan zanzaro na jinsin Peristenus da ke saka ƙwai a cikin 'ya'yan Lygus, tsutsar ta cinye su daga ciki. An ɗauko Peristenus digoneutis daga Turai, inda yake rayuwa a kan rugulipennis, aka sake shi a arewa maso gabashin Amurka, ya zauna a shekarun 1980, ya kuma rage lineolaris a gonakin alfalfa sosai. Dabarar ta yi aiki ne saboda rugulipennis da lineolaris 'yan jinsi ɗaya ne na gaske, zanzaron bai ga baƙo ba. A Kalifoniya, inda yanayi ya fi zafi kuma hesperus ne abin hari, wani ɗan uwansa, Peristenus relictus, shi ya fi kama ƙasa. A can ɗin ne kuma tun shekarun 1960 Vernon Stern da abokan aikinsa suka nuna cewa hesperus ya fi son alfalfa a kan auduga, don haka in aka bar layukan alfalfa a tsakiyar gona, ko aka yanke ta rabi-rabi maimakon a share ta rana ɗaya, ƙwarin sukan zauna a cikinta su ƙyale audugar. Manoman sitiroberi na gaɓar Kalifoniya sun ari dabarar, wasu ma suna bin layin alfalfar da injin zuƙa da aka ɗaura wa tarakta, su kwashe ƙwarin da suka taru a wurin.